Gasar jirgin roba a cikin ɗaki: me ake aunawa, kuma za ta yiwu a makarantun Garwa da Marwa?

Me ya sa makarantu a wasu ƙasashe ke tara ɗalibai a babban ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, don kawai a zuba wa ɗan jirgin da bai kai nauyin fallen takarda biyu ba ido? Tambayar ta taso ne saboda bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, inda ake ganin wani siririn jirgi yana zagaya ɗaki a hankali, farfelarsa na juyi har mutum zai iya ƙirga juyin da ido. Wasu sun ce an rage gudun hoton ne. Wasu sun ce akwai mai rimot a ɓoye. Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa a nan wajenmu, sun ce: “To mene ne abin mamaki? Yaranmu na Garwa suna ƙera wanda ya fi wannan kyau da langa-langa, har da tagogi da tayoyi.”

Na farko da na biyu kuskure ne mai sauƙin gyara. Na ukun ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne fahimtarmu ta ƙere-ƙeren yara ta karkace.

Wane irin jirgi ne wannan?

Ba shi da inji, ba batir, ba rimot. Jikinsa sanda ce guda mara nauyi. A samanta akwai fiffike da aka haɗa da siraran itace aka lulluɓe da leda mai shara-shara, a baya akwai jela, a gaba farfela. A ƙarƙashin sandar an rataye zaren roba, bakinsa ɗaya a ƙugiyar farfela, ɗayan a ƙugiyar baya. Ana murɗa robar sau ɗaruruwa, a gasar manya har fiye da sau dubu, sannan a saki jirgin. Robar na warwarewa, farfela na juyi, jirgi na tafiya.

Daga lokacin da ya bar hannu, mai shi ya zama ɗan kallo. Duk abin da jirgin zai yi a sama, hawa ne ko zagaye ko sauka, tun a ƙasa aka gama shirya shi. A manyan gasanni ne ake barin mutum ya ɗan kautar da jirginsa da doguwar sanda ko zaren balan-balan idan zai yi karo da bango, shi ma da ƙa'idoji.

Gudun da ake gani a bidiyo kuwa na gaskiya ne. Jiragen da suka fi kowanne rashin nauyi ba su kai mai tafiya a ƙafa sauri ba, shi ya sa ake hana mutane gudu ko saurin wucewa a ɗakin. Iskar da babbar riga za ta kaɗa ta isa ta kifar da jirgi.

Abin da alƙali ke dubawa

Lokaci. Ba kyau ba, ba nisa ba, ba kama da jirgin gaske ba. Agogo na fara ƙirga da an saki jirgi, ya tsaya da ya taɓa ƙasa ko ya maƙale a wani abu. Wanda ya fi daɗewa a sama shi ya ci.

A Amurka akwai gasar kimiyya ta ɗaliban sakandare mai suna Science Olympiad, wadda aka kafa a 1984. Cikin fannoninta akwai na jirgin roba, wanda ya daɗe da sunan Wright Stuff. Ɗalibai biyu ke wakiltar makaranta a fannin. Kafin su tashi jirgi sai an ɗora shi a sikeli, an auna tsawon fiffike, an auna robar ita ma. Sharuɗɗan na canzawa daga shekara zuwa shekara don kada a dinga gadon jirgin bara, amma nauyin da ake yarda da shi giram kaɗan ne, kuma a nan minti biyu zuwa uku a sama ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai wani sharaɗi da ba ya fitowa a bidiyo: littafin gwaji. Ana son ɗalibai su nuna rubutaccen bayanin tashin da suka yi a baya, nawa suka murɗa robar, wane kauri ne, jirgin ya kai ina, ya yi sakan nawa. Wanda ya zo ba littafi, makinsa na raguwa ko da jirginsa ya yi abin kirki.

Sama da wannan akwai gasar duniya, ƙarƙashin hukumar wasannin sararin sama ta FAI da aka kafa a 1905, mai hedikwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan. Ajin da ya fi shahara shi ne F1D, kuma yana da rukunin matasa. Fiffike ba ya wuce santimita 55. Jirgin, ba tare da roba ba, kada ya gaza giram 1.4, robar kuma kada ta wuce giram 0.4. Fallen takardar A4 da ake buga jarrabawa a kai giram 5 ne, ke nan jirgin bai kai sulusinsa ba. Da wannan ɗan abin ake yin sama da minti 20 a iska. Kowa na da damar tashi shida, a haɗa biyu mafiya tsawo.

A lura da yadda dokar take: ƙasan nauyi aka ƙayyade wa jirgi, saman nauyi aka ƙayyade wa roba. Da ba a sa wannan iyaka ba, da gasar ta koma ta wanda ya fi iya fere itace har ya kusa ɓacewa.

Daga lambun Faris zuwa ramin gishiri

Abin ya girmi jirgin da ke ɗaukar mutum. Ranar 18 ga Agusta 1871, wani matashin Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya saki ɗan jirginsa mai roba a lambun Tuileries da ke Faris, ya yi tafiyar mita 40 cikin sakan 11. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne jirgin ya daidaita kansa da kansa, saboda yadda aka kafa jelarsa da yadda aka ɗaga bakin fikafikansa sama. Har gobe da wannan dabarar ake aiki.

A 1878 wani malamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa Wilbur da Orville tsarabar abin wasa mai tashi da roba, irin ƙirar Pénaud. Sun yi wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Su ne suka tashi jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903, tashin farko na sakan 12. Masu ba da wannan labari sukan tsaya a kan abin wasan, su tsallake abin da ya fi muhimmanci. A 1901 waɗannan masu gyaran keke sun haɗa akwatin hura iska a shagonsu na Dayton, suka gwada siffofin fiffike kusan 200, suna rubuta sakamakon kowanne. Masu sha'awar tashi sama suna da yawa a zamaninsu. Masu haƙurin aunawa da rubutawa ne suka yi ƙaranci.

Yau ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin gasar duniya ta F1D shi ne ramin haƙar gishiri na Slănic a Romaniya. A can ƙarƙashin ƙasa rufin ya haura mita 50, sanyin wurin kusan digiri 12 ne rani da damina, iska kuma a kwance take.

Inda wuyar take

Na farko nauyi. Idan nauyin jirgi ya ninka biyu fiffike bai canza ba, ƙarfin da yake bukata don ya zauna a sama ba ninki biyu ba ne, kusan ninki uku ne, domin dole ya ƙara gudu kafin iska ta riƙe shi, ƙarin gudun kuma na cin ƙarfi. Shi ya sa fenti, tayoyi da tagogin da ke burge mu su ne farkon abin da ke kashe jirgi. Gam ma haka. Sabon shiga yakan zuba gam da yawa don kada abu ya karye, ya wayi gari gam ɗin ya kusa kai itacen nauyi.

Na biyu roba, kuma a nan ne lissafin ya fi daɗi. Robar gasa mai kyau tana iya adana ƙarfin da zai ɗaga nauyinta kimanin mita 1,000. Ke nan giram 0.4 na roba ƙarfinsa bai wuce na ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya santimita 40 daga ƙasa ba. Wannan ɗan ƙarfin ne ake tattalinsa ya kai minti 20. Matsalar ita ce roba ba ta sakin ƙarfinta daidai wa daida. Da farko takan zo da zafi, sannan ta lafa ta daɗe a tsaka-tsaki, daga baya ta yi laushi. Idan an murɗa ta ƙurewa aka saki, jirgi zai harba sama ya bugi silin ko ya maƙale a ƙarfen rufi. Idan an ji tsoro an murɗa kaɗan, ba zai hau ba. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su murɗa har ƙarshe, sannan su warware wasu juyi kafin su saki, don a zubar da zafin farko a bar tsakiyar. Nawa za a warware? Ya danganta da tsayin ɗakin, kaurin robar da girman farfela. Ba wanda zai gaya maka, sai littafinka.

Roba mai kauri na da ƙarfi amma ba ta ɗaukar murɗi da yawa. Siririya na ɗaukar murɗi amma wataƙila ta kasa ɗaga jirgin. Idan jirgi ya sauka da sauran murɗi mai yawa a jikinsa, robar ta yi siriri. Idan murɗin ya ƙare yana can sama, ta yi kauri. Yaron da ya gane wannan da idonsa ya fahimci abin da ake nufi da adana ƙarfi da sakinsa fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Na uku saiti. Dole jirgi ya dinga zagaye, galibi ta hagu, in ba haka ba bango zai tare shi cikin sakan kaɗan. Idan nauyi ya yi baya, zai ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗo, ya sake ɗagawa. Idan ya yi gaba, zai nutsa. Ana gyara wannan da matsar da fiffike milimita biyu ko uku, ko manna ɗan ƙullin laka a hanci. Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane tashi. Wanda ya taɓa jela da farfela da roba a lokaci guda, ko jirgin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba.

Balsa, karan dawa da robar kuɗi

A can waje da itacen balsa ake yi, wanda akasarinsa daga Ikwado yake fitowa. Ɗan dangin rimi da kuka ne, kuma yana cikin itatuwa mafiya rashin nauyi da ake sayarwa. Ba abu ne da za a samu a kasuwar Marwa ba, kuma mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna. Ni dai ban ga dalili ba. Totuwar karan dawa ba ta da nauyi, bayan karan kuma idan aka tsaga shi siriri yana da ƙarfi kuma yana lanƙwasuwa. Duk wanda ya taso a Arewa ya ga motar kara. Akwai tukurwa, akwai tsinken tsintsiya, akwai gora da za a fere. Ledar da ta fi kowacce shara-shara, irin ta ƙulla sukari ko gyaɗa, ta isa lulluɓi. Farfela kuma ana iya yanko ta daga jikin kofin roba ko gorar ruwa, tunda lanƙwasar na nan a jikinsu. Jirgin kara ba zai yi minti 20 ba. Idan ya yi sakan 30 a ɗakin taron makaranta an yi aiki, kuma darasin da ke cikinsa bai ragu da komai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne roba. Abin haushi, Kamaru na noman roba a Kudu da Kudu maso Yamma, a gonakin kamfanonin HEVECAM da CDC, amma zaren roba na gasa kaya ne na musamman da ake sayowa daga waje. Baƙin tib na keke ko babur ba ya yi, domin yawancinsa ba robar itace ba ce, an yi shi ne don riƙe iska, kuma ba ya mayar da ƙarfin da aka sa masa yadda ya kamata. Masu harbin danƙo sun daɗe da sanin ba kowace roba ke harbi ba. Abin da ya rage a hannu shi ne robar ɗaure kuɗi, a sarƙafa guda da yawa su yi tsawo. Tana saurin tsinkewa, amma tana aiki. Kafin murɗi ana shafa mata abin santsi don kada ta ci kanta. Kada a kusance ta da man inji ko basilin, suna lalata ta. Gilisarin da mata ke shafawa da hunturu, a haɗa da ɗan sabulu, shi ne abin da masu wannan wasa suka yi amfani da shi shekaru da yawa kafin zuwan man silikon. Rana da zafi kuma na tsufar da roba, don haka ba a barin ta a aljihu ko bakin taga a watan Maris na Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Sikeli kuma ba sai an je nesa ba. Irin na masu sayar da zinare, wanda ke nuna ɗigon giram, shi ake bukata, guda ɗaya ya ishi makaranta. Agogo na cikin kowace waya.

Ɗakin da za a yi

Wannan ce matsalar da kuɗi kaɗan ba sa warwarewa. Azuzuwanmu an gina su ne don iska ta ratsa, da bulo mai huji da tagogin da ba sa rufuwa, silin kuma a ƙasa-ƙasa. Rufin kwano da rana ta buga yana dumama iskar sama, ta fara motsi ko da an toshe ko'ina. Filin wasa na Roumdé Adjia da girmansa ba zai yi ba, tunda a buɗe yake. Abin da ya dace shi ne ɗakin taro, babban ɗakin lacca irin na jami'o'in Marwa da Ngaundere, ko rumbun ajiyar kaya idan an kwashe.

Tsayin ɗaki na canza sakamako ƙwarai, har FAI ta raba tarihin bajinta gida huɗu: rufin da bai kai mita 8 ba, 8 zuwa 15, 15 zuwa 30, da wanda ya haura 30. A nan ma akwai wani bambancin. Ngaundere na kan tudu sama da mita 1,000, Garwa na kwarin Binuwai, iskar tudu kuma ba ta kai ta kwari nauyi ba. Saitin da ya yi daidai a wani gari sai an sake taɓa shi a wani. Saboda haka ba adalci ba ne a ce ɗan Kuseri ya yi sakan 40 a ɗakinsu, ɗan Ngaundere ya yi 35 a nasu, don haka na farko ya ci. Sai an haɗu a ɗaki ɗaya, rana ɗaya.

Masu cewa ba shi ne a gabanmu ba

Uba zai ce: “Malam, jarrabawar BEPC da ta probatuwar muka kawo shi ya ci, ba wasan kara ba.” Yana da hujja. Kuɗin makaranta ba wasa ba ne, kuma ya sha ganin yaron da aka ɗauka a bidiyo da jirginsa na langa-langa, aka yi ta “Allah ya ƙara basira”, bayan mako guda kowa ya manta. Amma wannan ƙorafin a kan yabon banza ya faɗa. Muna tafa wa abin da ya yi kama da jirgi, ba ma tambayar ko ya tashi, sakan nawa, me aka canza ya ƙaru. Yaro mai hannu ya koyi cewa ado ake saya. Gasar lokaci ba ta da wannan sassauci, agogo bai san ɗan wane ba. Kuma abin da ke cikinta, nauyi, ƙarfi, ma'auni, zana jadawali, shi ne dai abin da ke cikin darasin fiziks, a makarantun da da yawansu ba su da ɗakin gwaji mai kaya.

Wasu kuma cewa suke duniya ta wuce nan, a koya wa yara jirage marasa matuƙa da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ga William Elong, ɗan Kamaru da ya yi suna da ƙera irin waɗannan jirage. Babu laifi, amma irin wannan jirgi guda ɗaya na koyarwa kuɗinsa zai sayi kayan jirgin roba na makaranta sukutum, kuma idan ya zo yakan ƙare a kabad ɗin shugaban makaranta don tsoron kada ya lalace. Jirgin kara idan ya karye, a tsinci wani karan.

Sai batun tsaro, wanda ba a raina shi a Arewa Mai Nisa da kewayen Tafkin Cadi, inda jirage marasa matuƙa suka shiga cikin rikici, ko a Garwa mai filin jirgi da sansanin sojan sama. Jirgin roba ba shi da kyamara, ba ya karɓar umarni daga nesa, ba ya iya ɗaukar ko ƙwayar goro, kuma a cikin ɗaki yake tashi. Duk da haka, malamin da ya san garinsa zai sanar da hukumar makaranta da ta unguwa tun kafin jita-jita ta riga shi, ya kuma hana yara fita da shi titi.

Akwai wata damuwar da ba a cika faɗa ba, wadda a ganina ta fi sauran: ɗan mai hali zai sa a aiko masa da balsa da robar gasa daga Duwala ko Turai, ya lashe komai, sauran su watse. Ga kuma yayye da iyaye masu ƙera wa yaro a gida. Idan aka kwafo dokokin Amurka yadda suke, haka za ta faru.

Idan wata lise (makarantar sakandare) za ta gwada

Dokar gida za a rubuta. Kayan jiki su zama kara, tukurwa, gora da leda kawai. Roba kuma alƙalai su raba daga ƙunshi ɗaya a ranar gasa, kowa nauyi ɗaya. A sa iyakar tsawon fiffike da ƙasan nauyi. A ƙera jiragen a makaranta a gaban malami, mutum biyu-biyu, mata da maza kowa da ƙungiyarsa ko a haɗe, yadda makarantar ta saba. Aikin zama ne da natsuwar hannu, ba ya bukatar fita gari ko kayan wasanni, don haka iyayen 'yan mata ba su da abin ƙi a ciki. A ware wa littafin gwaji maki na kansa, kuma alƙali ya tambayi yaro dalilin da ya sa ya matsar da fiffikensa. A nan ake gane wanda ya yi da wanda aka yi wa.

Lokaci ma ya dace da kalandar da muke da ita. Karan dawar damina ya bushe tun Nuwamba, na masakwa kuma na zuwa a bayansa. Makon matasa da ke ƙarewa da bikin 11 ga Fabrairu dama lokaci ne na wasanni da nune-nunen makarantu, kuma zafi bai kankama ba tukuna. A fara da sassafe kafin kwano ya ɗau rana, a toshe hujin bulo da kwali, 'yan kallo su zauna a jikin bango. A tanadi doguwar gora da tsani, domin jirage za su maƙale a ƙarafan rufi, kuma a amince tun farko cewa wanda ya maƙale lokacinsa ya tsaya a nan.